Mai gadi, mai gwajin kutse, mai bincike ko mai duba ƙa'ida: wane reshe na tsaron kwamfuta za ka kama?

Wanda ya yanke shawarar zama ƙwararre a tsaron kwamfuta da intanet yakan ɗauka cewa ya gama zaɓi, alhali kuwa yanzu ne ya iso mararraba. Sunan sana'ar ɗaya ne, amma ayyukan da ke ƙarƙashinsa sun sha bamban, ta yadda mutum biyu za su iya shafe shekara goma a cikinta ba tare da ɗayansu ya taɓa yin aikin ɗan'uwansa ko na yini guda ba. Rassa huɗu ne sabon shiga ya fi cin karo da su: aikin gadi a cibiyar sa ido, gwajin kutse da izini, binciken abin da ya faru bayan hari, da kuma duba bin ƙa'ida da auna haɗari. Mafi yawan masu sha'awar sana'ar na biyun suke hange, domin shi ne ya yi suna. A ganina wannan hangen yana sa mutane da dama su ɓata shekara ɗaya ko biyu suna ƙwanƙwasa ƙofar da ta fi kowace ƙunci, ga kuma wasu a buɗe kusa da su.

Ma'aunai biyar

Da ma'aunai biyar za mu auna waɗannan rassa. Na farko shi ne kuɗin shiga, wato abin da mutum zai kashe a karatu da jarrabawa kafin a fara kallonsa a matsayin wanda za a iya ɗauka. Hukumomin da ke ba da takardun shaidar wannan fanni da dalar Amurka suke yanka farashi, kuma farashin yana ɗan hawa lokaci zuwa lokaci, don haka a duba shafinsu kafin a yi lissafi na ƙarshe. Na biyu shi ne faɗin ƙofa: shin ana ɗaukar wanda bai taɓa aiki ba, ko sai wanda ya riga ya goge? Na uku shi ne ɗorewa, ta fuska biyu, wato tsawon lokacin da takardar shaida ke aiki, da kuma yadda ilimin kansa zai jure canjin fasaha, musamman yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke karɓe ayyukan da ake maimaitawa. Na huɗu shi ne haɗari, na doka da na lafiyar jiki da kwanciyar hankali.

Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma ni shi na fi ba muhimmanci: yadda ranar aiki ta yau da kullum take. Ba ranar da aka kama babban hari ba, ranar da babu abin da ya faru. Irin wannan ranar ce za ta cinye yawancin shekarun mutum, kuma wanda bai iya zama da ita ba zai gaji da sana'ar komai kyawun albashi.

Akwai tushe guda da dukkan rassan suka dogara a kansa, kuma babu takardar da ke maye gurbinsa. Dole mutum ya san yadda kwamfutoci ke magana da juna, ya fahimci TCP/IP (ƙa'idojin aika bayanai a intanet) da DNS (tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa na lambobi), ya saba da manyan manhajojin tafiyar da kwamfuta, wato Linux da Windows, daga ciki, ya iya rubuta ɗan gajeren umarni da yaren kwamfuta irin Python ko PowerShell. Wanda ya tsallake wannan zai iya haddace amsoshi ya ci jarrabawa, amma tambaya biyu ko uku a wurin ganawar neman aiki sun isa su nuna inda ya tsaya.

Mai gadi a cibiyar sa ido

Wannan cibiya, wadda ake taƙaita sunanta da SOC, ita ce wurin da ake tara bayanan abin da ke gudana a kwamfutoci da sabobin ma'aikata (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai da ayyukanta), a zuba su cikin manhaja irin su Splunk ko Microsoft Sentinel, ita kuma ta riƙa fitar da faɗakarwa idan ta ga abin da bai saba ba. Aikin mai gadi na matakin farko shi ne ya ɗauki kowace faɗakarwa ya tantance: wannan ma'aikacin da aka ga ya shiga asusunsa da tsakar dare daga wata ƙasa, tafiya ya yi ko an sace kalmar sirrinsa? Mafi yawan faɗakarwar ba komai ba ne, kuma a nan wahalar take, domin dole idon mutum ya kasance a buɗe a kan ta ɗari kamar yadda yake a kan ta farko.

Kuɗin shiga nan ya fi sauƙi. Takardar da aka fi nema ita ce Security+ ta hukumar CompTIA, wadda jarrabawarta ta ɗan haura dala 400, tambayoyinta ba sa wuce 90 a cikin minti 90, kuma ana buƙatar maki 750 cikin 900. Shekara uku take aiki kafin a sabunta ta. Dandalin koyo irin su TryHackMe suna da darussa na kyauta da na kuɗi kaɗan, kuma ana iya girka ƙaramin ɗakin gwaji a kwamfutar hannu guda a koyi karanta zirga-zirgar bayanai da Wireshark. Ƙofar ita ce mafi faɗi a rassan fasaha, musamman ga wanda ya taɓa aikin gyaran kwamfuta ko kula da hanyoyin sadarwa na wata ma'aikata.

Matsalolinsa biyu ne. Masu kai hari ba su da lokacin tashi daga aiki, saboda haka cibiyoyi da yawa suna aiki dare da rana ta hanyar karɓa-karɓa, kuma aikin dare na tsawon watanni yana taɓa barci da zaman iyali. Sannan matakin farko, wato tantance faɗakarwa masu kama da juna, shi ne wanda manhajoji suka fi saurin koyon yi da kansu. Wannan ba dalilin guje wa aikin ba ne, dalili ne na ɗaukarsa a matsayin makaranta: wanda ya yi shekara biyu yana kallon hare-hare na gaskiya, yana nazarin kundin MITRE ATT&CK da ke jera dabarun masu kutse, yana koyon rubuta ƙa'idojin kama su da kansa, zai fita da ilimin da dukkan sauran rassan ke nema.

Mai gwajin kutse da izini

A nan ma'aikata ce da kanta take ɗaukar mutum haya ya gwada kutsawa cikin tsarinta, domin a gano kafofin da ɓarawo zai bi kafin ya bi su. Kayan aikin sanannu ne: Kali Linux, wato nau'in Linux da aka tara kayan gwajin kutse a cikinsa, da Nmap na leƙa ƙofofin da ke buɗe, da Burp Suite na gwada shafukan intanet, da Metasploit na gwada shiga ta raunin da aka gano. Abin da masu hangensa daga nesa ba sa gani shi ne cewa abin da abokin ciniki yake biya shi ne rahoto. Mai gwaji zai iya shafe mako guda yana lalube, sannan ya zauna kwanaki yana rubuta abin da ya gano dalla-dalla, da yadda za a sake tabbatar da shi, da girman haɗarinsa, da yadda za a toshe shi, cikin harshen da injiniya zai yi aiki da shi shugaban kamfani kuma ya fahimta. Gwanin kutse da bai iya rubutu ba rabin ma'aikaci ne.

Takardar da ta fi daraja a matakin shiga ita ce OSCP ta kamfanin OffSec. Darasinta tare da jarrabawa ya haura dala 1,500, kuma jarrabawar ba ta zaɓin amsa ba ce: ana ba mutum kusan awa 24 ya kutsa cikin wasu na'urori, a ƙara masa wasu awa 24 ya rubuta rahoto, kuma sai ya sami maki 70 cikin 100. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, domin mutane da yawa sai sun sake zama kafin su haye, kowane zama kuma da kuɗinsa. Tun daga Nuwamban 2024 wanda ya ci yana samun ƙarin shaida mai suna OSCP+ wadda ke ƙarewa bayan shekara uku, ita kuwa ta asali ba ta ƙarewa. Akwai kuma takardar CEH ta hukumar EC-Council, wadda sunanta ke yawan fitowa a tallan neman ma'aikata, amma babbar jarrabawarta ta zaɓin amsa ce, don haka masu aikin da hannu ba sa ɗaukarta daidai da OSCP. Ga mai son fara koyo ba tare da kashe ko sisi ba, makarantar intanet ta PortSwigger kyauta ce, kuma ta rufe yawancin raunukan da ke cikin jerin manyan raunuka goma da ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP ke fitarwa.

Ƙofar nan ƙunci gare ta. Ma'aikata tana buƙatar masu gadi kullum, amma gwajin kutse sau ɗaya ko biyu a shekara take yi, galibi ta hannun kamfanin waje, saboda haka guraben ba su da yawa, masu nemansu kuma sun yi yawa. Wasu sukan ce za su rayu da farautar raunuka a dandali irin su HackerOne da Bugcrowd, inda kamfanoni ke biyan lada ga wanda ya gano musu kafa. Hanya ce mai kyau ta koyo da gina suna, amma ba albashi ba ce: ana iya wata guda ana nema a gano rauni, a tarar wani ya riga ya kai rahotonsa, a tashi babu komai.

Haɗarin doka ya fi tsanani a wannan reshe fiye da kowane. Abin da ya raba mai gwaji da mai laifi takarda ce kawai, wato rubutaccen izini da ya fayyace waɗanne na'urori, daga yaushe zuwa yaushe, da waɗanne dabaru. Amurka tana da dokar hukunta shiga kwamfuta ba da izini ba tun 1986, Birtaniya tun 1990, kuma ƙasashe da yawa sun bi sahu bayan yarjejeniyar Budapest ta 2001. Ko izinin ma ba ya hana rigima idan ba a tsara shi da kyau ba. A watan Satumban 2019 an kama wasu masu gwaji biyu a wani ginin kotu a jihar Iowa ta Amurka, suna ɗauke da takardar aiki daga hukumar kotunan jihar, amma hukumomin gundumar da ke da ginin ba su san da zancen ba, kuma sai a farkon 2020 aka janye tuhumar da ake yi musu. Wanda ba zai iya kame hannunsa a kan iyakar da aka shata masa ba kada ya kusanci wannan aiki.

Mai bincike bayan hari

Idan ɓarna ta riga ta auku, shi ake kira. Aikinsa ya tsayar da zubar jinin, ya gano ta ina aka shigo, yaushe, me aka ɗauka, kuma ko maharin yana nan a ciki har yanzu. Aiki ne na natsuwa a tsakiyar firgici. Yakan fara da kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura, domin da zarar an kashe ta wannan shaidar ta tafi, sannan ya ɗauki hoton faifan ajiya, ya buga masa hatimin lissafi irin SHA-256 don tabbatar da cewa ba a taɓa shi ba, ya rubuta hannun duk wanda shaidar ta bi ta kansa, saboda wata rana maganar na iya zuwa gaban alƙali. Autopsy da Volatility suna cikin kayan aikin da ake samu kyauta.

Girman abin da ake fuskanta ya bayyana a harin NotPetya na Yunin 2017, lokacin da kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya sake girka sabobi kusan 4,000 da kwamfutoci kusan 45,000 cikin kimanin kwana goma. Irin waɗannan kwanakin babu barcin kirki a cikinsu, kuma kiran na iya zuwa ranar hutu ko tsakar dare.

Tsadarsa ita ce mafi girma idan aka bi sananniyar hanya, domin darasi guda na cibiyar SANS yakan haura dala 7,000, ban da jarrabawar GIAC da ke biye da shi, wadda takardarta ke aiki shekara huɗu. Saboda haka yawanci ma'aikata ce ke biya wa ma'aikacinta, kuma da wuya a ɗauki sabon shiga kai tsaye. Ta cibiyar sa ido ake shigowa. Amma ilimin yana da ɗorewa sosai, kuma wanda ya ƙware a cikinsa ba ya rasa mai nemansa.

Mai duba ƙa'ida da auna haɗari

Wannan reshen ne matasa suka fi rainawa, suna cewa aikin takarda ne, kuma ina ganin sun yi kuskure babba. A duba manyan hare-haren da suka girgiza duniya. Harin WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle bayanai don neman fansa, ya bazu a ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da faci, wato gyaran da ke toshe raunin da harin ya bi, tun watan Maris. A shekarar dai aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax ta wata kafa a manhajar Apache Struts wadda ita ma facinta ya riga ya fito. A 2021 kuma aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline da kalmar sirrin wani tsohon asusu da ba shi da tabbaci na biyu (ƙarin mataki na tantance mai shiga bayan kalmar sirri), kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya faru don an rasa wata fasaha mai zurfi. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tabbatar an yi abin da kowa ya san ya kamata a yi, kuma aikin mai duba ƙa'ida ke nan.

Ranarsa tana tafiya ne a taro, da karanta manufofi, da tambayar sassa hujjar cewa sun rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki ko sun gwada ajiyar bayanansu ta ko-ta-kwana. Ma'aunansa su ne ISO/IEC 27001, wanda aka sabunta a 2022, da tsarin tsaro na NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, da ya fara fitowa a 2014 aka fitar da bugu na biyu a Fabrairun 2024, da PCI DSS ga masu karɓar kuɗi ta kati, da dokokin kare bayanai irin GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita.

Takardar CISA ta ƙungiyar ISACA ita ce sananniya a nan: dala 575 ga mamba, 760 ga wanda ba mamba ba, tambayoyi 150 cikin awa huɗu. Ana iya zama jarrabawar da wuri, amma cikakkiyar shaida tana neman gogewar shekara biyar, ko da yake karatun jami'a na rage wani ɓangare. Haɗarinsa ba na dare ba ne, na matsin lamba ne: wata rana za a so ya sa hannu a kan abin da bai gamsu da shi ba. Akwai kuma haɗarin ya yi nisa da fasaha har injiniyoyi su daina ɗaukar maganarsa da nauyi.

| Reshe | Kuɗin shiga | Faɗin ƙofa | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gadi a cibiyar sa ido | Kaɗan, dala 400 da ɗoriya | Mai faɗi | Matakin farko na fuskantar barazanar manhaja | Aikin dare da gajiya |
| Gwajin kutse | Mai yawa, sama da dala 1,500 | Mai ƙunci | Mai kyau, amma sai da koyo kullum | Ƙetare iyakar izini |
| Bincike bayan hari | Mafi tsada | Sai an goge | Mai ƙarfi | Kiran gaggawa da matsi |
| Duba ƙa'ida | Matsakaici, dala 575 zuwa 760 | Mai faɗi ga mai wata sana'a a hannu | Mai ƙarfi, doka ke riƙe da shi | Matsin sa hannu, nisa da fasaha |

Ban sa takardar CISSP ta ƙungiyar ISC2 a teburin ba da gangan, duk da yawan ambatonta. Jarrabawarta dala 749 ce, kuma tana neman gogewar shekara biyar a aƙalla fannoni biyu cikin takwas. Takardar tsakiyar tafiya ce ga mai hanƙoron shugabanci daga kowane reshe, kuma sabon shiga da ya fara da ita ya sa kuɗinsa inda ba zai amfane shi da wuri ba.

Wa ya dace da wanne

Idan kai ɗalibi ne ko sabon kammala karatu, kuɗinka kaɗan ne kuma kana buƙatar aiki cikin shekara guda, ka kama hanyar cibiyar sa ido, ko da kuwa sai ka fara da aikin taimaka wa ma'aikata da matsalolin kwamfutocinsu kafin gurbi ya samu. Haka ma wanda zuciyarsa ke kan bincike bayan hari, ta nan zai bi, yana koyon Autopsy da Volatility a gefe, har ya sami ma'aikatar da za ta ɗauki nauyin darasinsa mai tsada.

Idan ka riga ka yi shekaru kana rubuta manhaja ko kana kula da sabobi, gwajin kutse ya fi kusa da kai fiye da yadda yake ga kowa, domin wanda ya san yadda ake gina abu ya fi saurin ganin inda zai tsage. Kafin ka biya kuɗin OSCP, ka ba kanka wata uku a PortSwigger da dandalin atisayen kutse na Hack The Box, kuma ka tilasta wa kanka rubuta cikakken rahoto a kan kowace na'urar da ka ci. Idan rubutun ya gundure ka fiye da yadda kutsen ya faranta maka, ka sake tunani tun kuɗin na aljihunka.

Idan kuwa daga lissafin kuɗi, ko shari'a, ko banki, ko gudanarwa ka fito, kana da iyali da ba za su jure aikin dare ba, duba ƙa'ida ne naka, kuma shekarun da ka yi a tsohuwar sana'arka jari ne a nan. Sharaɗin kawai shi ne ka koyi tushen fasahar da gaske, ka ɗauki Security+ kafin CISA, ta yadda ranar da injiniya ya ce maka an rufe wata ƙofa za ka iya cewa ya nuna maka a kan allo, ka kuma gane abin da kake kallo.